GEORGE MULLER NA BIRISTOL: ƁARAWON DA YA ZAMA AMINTACCEN MA'AJI

Lokacin Jubili lokacin lissafi ne. Mu kan ƙirga shekarun da Ubangiji ya bi da mu, da ɗakunan sujada da aka gina, da masu bi da aka yi wa baftisma. Amma akwai wani lissafin da ba mu cika son ɗauko shi ba, watau lissafin kuɗin da ya shiga hannun ekklesiya da inda ya tafi. Domin wannan muka ga ya kamata mu sa labarin George Muller cikin wannan littafi. Shi Bajamushe ne, a Ingila ya yi aikinsa, bai kuwa taɓa zuwa ƙasarmu ba. Shekara 64 kuɗin mutane yana bi ta hannunsa, har jimlar ta haura fam 1,300,000, ba a taɓa kama shi da cin kwabo ɗaya ba. Abin mamaki kuwa, da sata ya fara.

YARO MAI ƊAUKE-ƊAUKE

An haife shi ran 27 ga Satumba, 1805, a wani ƙauye mai suna Kroppenstedt, cikin ƙasar Furusha ta Jamus. Ubansa mai karɓar haraji ne na gwamnati. Uban ya kan ba 'ya'yansa kuɗi da yawa, wai domin su koyi riƙe kuɗi, ashe ɓata su ya ke yi. Tun George bai kai shekara 10 ba ya fara satar kuɗin gwamnati da ke ajiye a hannun ubansa. Ran nan uban ya ƙirga kuɗi ya bari a ɗaki da gangan, ya dawo ya tarar sun ragu. Da ya caje yaron sai ya same su cikin takalminsa.

Yana da shekara 14 uwarsa ta rasu. A daren da ta ke kan mutuwa yana can yana karta da abokai har ƙarfe 2 na dare. Sa'ad da za a karɓe shi ga Jibin Ubangiji, ubansa ya ba shi kuɗi ya kai wa faston da ya koyar da shi, sai ya miƙa kashi 1 cikin 12 ya soke sauran. Yana da shekara 16 ya shiga yawo, ya kan sauka a masauki mai tsada ya ci ya sha, ba ko anini a aljihunsa. A garin Wolfenbuttel ya nemi gudu bai biya ba, aka kama shi, ya kwana 24 a kurkuku tare da ɓarayi, daga Disamba 1821 zuwa Janairu 1822. Uban ya biya bashin, ya kai shi gida ya yi masa dukan gaske. Dukan bai sake halinsa ba, sai dai ya koya masa ɓoye laifi.

Duk da haka uban yana so ya zama fasto, gama a wannan zamani faston ekklesiyar gwamnati yana da albashi mai kyau da gida. A 1825 George ya shiga jami'ar Halle domin koyon aikin fasto, yana da littattafai wajen 300, amma ba shi da Littafi Mai Tsarki. A shekaran nan ya tafi yawon buɗe ido ƙasar Suwizalan da abokansa, suka danƙa masa jakar guzurinsu duka. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ya shirya lissafin yadda abokan suka biya masa wani kashi na tafiyarsa ba da saninsu ba.

YADDA UBANGIJI YA SAME SHI

Wata Asabar da yamma cikin watan Nuwamba 1825, wani abokinsa mai suna Beta ya kai shi gidan wani mai bi, ana ce da shi Wagner, inda 'yan mutane kaɗan su kan taru. Suka yi waƙa, suka karanta Littafi, suka karanta wani wa'azi bugagge. Ɗaya daga cikinsu ya durƙusa ya yi addu'a. George bai taɓa ganin mutum ya durƙusa yana addu'a ba, shi kansa ma bai taɓa yi ba. Abin ya shiga zuciyarsa. Bai iya jiran wata Asabar ba, kashegari ya koma gidan, ya yi ta komawa. Kwanci tashi ya gane Yesu ya mutu domin zunubansa, ya ba da gaskiya.

Mu kan ce hali zanen dutse ne. Gaskiya ne ga ikon mutum, amma alherin Allah ya kankare wannan zane, kuma ta wajen kuɗi aka fara ganin alama. Da ya gaya wa ubansa yana so ya tafi aikin bishara a ƙasashen nesa, uban ya husata ƙwarai, har ya yi kuka. George ya ga bai kamata ya ci gaba da karɓar kuɗin ubansa ba, da ya ke ba zai cika masa burinsa ba. Ya daina karɓa, ga shi da sauran shekara 2 na karatu. Ba da daɗewa ba waɗansu Amurkawa suka zo Halle suna neman mai koya musu Jamusanci, aka nuna musu shi, ladan ya ishe shi har da saura.

A Halle ɗin kuma ya yi wata 2 yana kwana a ɗakin da a ke ba matalautan ɗalibai kyauta, cikin babban gidan marayu wanda August Francke ya gina fiye da shekara 100 kafin nan bisa ga dogara ga Allah. Gidan nan bai fita daga ransa ba.

AKWATI A ƊAKIN SUJADA

A 1829 ya haye zuwa Landan domin shirin yin bishara ga Yahudawa. Ya yi ciwo, aka tura shi shan iska garin Teignmouth a bakin teku. Can ya sadu da Henry Craik, wanda ya zama abokin aikinsa shekara 36. A 1830 wata 'yar ƙaramar ekklesiya a garin, mai mutum 18, ta roƙe shi ya zama fastonta, albashi fam 55 a shekara. Ran 7 ga Oktoba na shekaran ya auri Mary Groves. Ɗan'uwanta Anthony Groves likitan haƙori ne mai samu da yawa, wanda ya bar sana'arsa ya tafi Bagadaza yin bishara ba tare da alkawarin albashi ba. Labarinsa ya taɓa Muller ƙwarai.

Albashin nan kuwa daga kuɗin hayar benci ya ke fitowa. Al'adar Ingila ce a lokacin: mai kuɗi ya kama bencin gaba, talaka ya zauna a baya. Muller ya karanta wasiƙar Yakubu sura 2, ya ga wannan tara ce a cikin gidan Allah. Ya kuma lura akwai waɗanda su ke biya da gunaguni, da waɗanda kunya ke sa su biya alhali gida ba abinci. Bayan aurensa da 'yan makonni, shi da matarsa suka shirya, ya soke hayar benci, ya bar albashin. Aka sa akwati a ɗakin sujada, wanda ya ga dama ya jefa abin da ya ga dama, ba wanda ya san na wani. Suka kuma ƙudura ba za su gaya wa kowa bukatarsu ba sai Allah, ba kuwa za su ci bashi ba. Akwai ranakun da abin da ya rage musu bai fi 'yan kwabbai ba, amma ba su taɓa kwana da yunwa ba.

A 1832 shi da Craik suka ƙaura zuwa Biristol, babban gari mai tashar jiragen ruwa, daidai lokacin da annobar amai da gudawa ta faɗa wa garin. Ran 5 ga Maris, 1834, suka kafa ƙungiya domin aiki iri uku: taimakon makarantu, da baza Littafi Mai Tsarki, da tallafa wa masu bishara. Tun ranar farko suka rubuta ka'idodinta. Ba za su nemi wani babban mutum ya zama uban ƙungiya domin sunansa ba. Ba za su roƙi marasa bi kuɗi ba. Ba za su faɗaɗa aiki da bashi ba. In kuɗi bai zo ba za su jira.

SULE ƊAYA DA FAM ƊARI

Wani yaro maraya yana zuwa ɗaya daga cikin makarantunsu, sai aka ɗauke shi aka kai shi gidan gajiyayyu na gwamnati, karatunsa ya tsaya. A Ingila ta wannan zamani marayun talakawa nan a ke tura su, ko kuwa su watse bisa titi. Abin ya dami Muller. Amma ya faɗa a fili cewa babban dalilinsa na buɗe gidan marayu shi ne ƙarfafa bangaskiyar masu bi. Ya ga 'yan kasuwa Kirista suna ha'inci domin suna tsammani gaskiya ba ta ciyar da mutum, ya ga tsofaffi suna tsoron tsufa. Yana so su gani da idonsu cewa Allah yana jin addu'a har yanzu.

Cikin Disamba 1835, yana karatun Zabura 81, ya roƙi Allah abu uku: gida, da ma'aikata, da fam 1,000. Baiko na fari da ya zo sule ɗaya ne. Ga waɗanda ba su tarar da wannan kuɗi ba, sule 20 ke fam ɗaya, kwabo 12 kuwa ke sule ɗaya. Sai kaya suka fara zuwa, wannan ya kawo kwanuka, wancan cokula, wani zanen gado.

Babban baiko na fari, fam 100, daga hannun wata matalauciya mai ɗinki ya fito, wadda samunta a mako bai fi wajen sule 3 da sisi ba, ga ta kuma ba ta da ƙoshin lafiya. Ta ci gadon fam 480. Da fari ta biya basussukan da mahaifinta ya bari, ta ba uwarta rabo, kana ta aiko da wannan. A nan ne za mu ga irin mutumin. Bai yi hamzarin karɓa ba. Ya tafi wurinta ya zauna da ita, ya yi ta tambayarta ko ta yi tunani sosai, ko motsin zuciya ne na rana ɗaya wanda za ta yi nadama a kansa daga baya. Sai da ya tabbata ta daɗe da yanke shawara a gaban Ubangiji kana ya karɓa. Bai bayyana labarinta ba sai bayan rasuwarta, ko a sa'an nan ma bai faɗi sunanta ba.

Da ranar karɓar sunayen yara ta zo, cikin Fabrairu 1836, ya zauna yana jira, ba wanda ya zo. Sai ya tuna ya roƙi Allah kome da kome amma bai roƙi yaran ba. Ya roƙa, kashegari aka kawo suna na fari. Ran 11 ga Afrilu, 1836, aka buɗe gida na fari a titin Wilson domin 'yan mata 30. Fam 1,000 ɗin ya cika cikin Yuni 1837. Kafin ƙarshen 1843 gidajen haya sun zama 4 a titin, yara sun haura 100.

SHEKARUN GWAJI

Daga 1838 aka shiga shekarun ƙunci. Sau da yawa a kan wayi gari ba kuɗin abincin rana, wani lokaci kuɗin ya kan iso ana saura sa'a ɗaya a zauna cin abinci. Ma'aikatan gidajen suka riƙa ba da nasu 'yan kuɗi, waɗansu suka sayar da littattafansu da kayan ɗakinsu. Masu wa'azi suna son labarin safiyar da yara suka zauna gaban kwanuka wofi aka yi godiya, sai ga mai burodi a bakin ƙofa, sai ga mai madara wanda keken dokinsa ya karye a gaban gidan. Labari ne mai daɗi. Amma akwai waɗansu abubuwa uku na shekarun nan waɗanda ba a cika faɗa ba, su ne kuwa suka fi shafar ma'ajin ekklesiya.

Na fari, cikin Satumba 1838, sa'ad da asusun marayu ya ƙare sarai, akwai wajen fam 220 a banki da sunansa, wanda waɗansu masu bi suka ba shi domin wani aikin Ubangiji dabam. Bai taɓa shi ba, ko da sunan aro. A ganinsa kuɗin da aka bayar domin wani abu amana ce ta wannan abu kaɗai. A cikin watan ne wata mace daga Landan ta kawo fam 3 da sule 2 da sisi a ranar da ba sauran kome. Ashe ta kwana da kwanaki a gidan da ke maƙwabtaka da gidan yara maza, kuɗin yana hannunta.

Na biyu, bai yarda a karɓi kaya bashi ba, ko burodi ko madara ko gawayi. Abin da za a iya biya a take shi a ke saye. Mu kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Muller ya dubi Romawa sura 13 ya ƙi wannan magana. Dalilinsa shi ne, in aikin na Allah ne, Allah yana da ikon biya a kan kari. Wanda ya ci bashi da sunan bangaskiya kuwa da dukiyar maƙwabcinsa ya ke yin kasada.

Na uku, a ƙarshen 1841, lokacin da ƙunci ya yi tsanani, lokacin buga rahoton shekara ya yi. Sun sani in rahoto ya fita mutane za su ga halin da a ke ciki su aiko da taimako. Suka shirya suka dakatar da shi waɗansu watanni, domin kada a ce rahoton wata dabarar roƙo ce. Cikin dukan shekarun nan yaran ba su taɓa rasa abincin ko sau ɗaya ba.

GIDAJE BIYAR A KAN TUDU

A 1845 wani maƙwabci a titin Wilson ya rubuto masa takardar kuka: surutun yara ya dame su, magudanun ruwa kuma suna toshewa. Muller bai husata ba. Ya zauna ya rubuta dalilan tashi da dalilan zama, ya ga maƙwabcin yana da gaskiya. Ya sami fili eka 7 a kan wani tudu a bayan gari, sunansa Ashley Down. Mai filin ya yi niyyar sayarwa fam 200 kowace eka, amma ya kasa barci da dare yana tunani, da safe ya sallama a fam 120.

Ko da fili ya samu, Muller bai sa a haƙa tushe ba sai da kuɗin ginin duka ya taru a hannu. Aka fara gini cikin Yuli 1847, aka buɗe gidan cikin Yuni 1849 domin yara 300, har kuɗi ya yi saura. Haka ya bi da sauran: gida na 2 a 1857, na 3 a 1862, na 4 a 1868, na 5 a 1870. Gidajen biyar sun ci fiye da fam 100,000, suna ɗaukar yara 2,050, ba bashin ko sisi a kansu.

Ba a biyan kome kafin a karɓi yaro, ba a kuma neman sanayya. Bi da bi a ke ɗauka yadda sunaye suka iso. Maza su kan zauna har wajen shekara 14 a sa su koyon sana'a, mata har wajen 17. Karatun da a ke ba su ya yi kyau har waɗansu suka zarge shi da hana masana'antu da ramukan haƙar kwal samun 'yan ƙwadago. Kowane yaro in zai fita a kan ba shi Littafi Mai Tsarki da akwatin ƙarfe da tufafi. Marayu 10,024 suka bi ta gidajen nan a zamaninsa.

LITTAFIN LISSAFI

Mutumin da ba ya roƙo, me ya sa dubban mutane da ba su taɓa ganinsa ba su ke aiko masa da kuɗi? Amsa ta fari, Allah ne ya motsa zukatansu. Amma Allah ya yi aiki ta wurin wani abu da kowa ke iya gani, watau littafin lissafi. Kowane baiko a kan rubuta shi da ranarsa da abin da aka bayar dominsa, ko fam 1,000 ne, ko kwabo, ko zobe, ko tsohuwar riga. A kan ba mai bayarwa rasit. Kowace shekara waɗansu mutane dabam su kan binciki lissafin, kana a buga shi cikin rahoto. Ba a sa cikakken sunan mai bayarwa, domin kada mai yawa ya yi fahariya, mai kaɗan ya ji kunya, amma kowa yana iya duba ranar ya ga nasa ya shiga.

Ba kowane kuɗi ya ke karɓa ba. In ya ji mai bayarwa yana da bashin da bai biya ba, ya kan mayar masa, ya ce ya fara sallamar masu binsa. Kuɗin kansa kuma dabam ya ke da na aikin, ba ya ɗaukar albashi daga asusun marayu. A 1856 wani ya aiko masa da fam 100 domin a fara yi masa ajiyar tsufa. Ya yi godiya ya ƙi, mutumin ya juya kuɗin ga marayu. A 1892 kuma, da kuɗin makarantu ya kasa, shi da surukinsa James Wright suka rufe da yawa daga cikinsu, ko da ya ke abin ya yi musu zafi, gama sun ga gara aiki ya ragu da a ci bashi.

HANNUNSA YA KAI NESA

Ƙungiyar ba marayu kaɗai ta riƙe ba. Ta tallafa wa makarantu 117 inda yara fiye da 120,000 suka yi karatu. Ta baza Littafi Mai Tsarki fiye da 280,000 da Sabon Alkawari fiye da 1,400,000. Ta kuma riƙa aika kuɗi ga masu bishara a ƙasashe da yawa. Hudson Taylor ya kafa mishan ta tsakiyar ƙasar Sin a 1865 bisa irin wannan ka'ida ta rashin roƙo da rashin bashi. Bayan tarzomar garin Yangzhou a 1868 jaridun Ingila suka yi ta zagin mishan ɗin, masu bayarwa suka janye. A lokacin nan Muller ya ƙara nasa, har ya kai wajen fam 2,000 a shekara.

Ta nan labarin ya taɓo mu. Mishan da yawa da suka nufi tsakiyar Afirka daga baya sawun Hudson Taylor suka bi. Sa'ad da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko a ƙarshen 1893 da nufin shiga ƙasar Sudan, Muller yana da rai, yana da shekara 88. Mishan da ta tsiro daga tafiyarsu ita ce ta fara aiki a Damagaram a 1924.

TSUFA DA MUTUWA

Matarsa Mary ta rasu ran 6 ga Fabrairu, 1870, wata ɗaya bayan buɗe gida na 5, shi da kansa ya yi wa'azin jana'izarta. A 1871 ya auri Susannah Sangar. Daga 1875, yana da shekara wajen 70, ya bar gidajen a hannun James Wright ya shiga yawon wa'azi. Cikin shekara 17 ya yi tafiyar mil 200,000 a ƙasashe 42, har da Amurka da Masar da Indiya da Sin da Ostireliya. 'Yarsa Lydia ta riga shi a 1890, Susannah kuma a 1894.

Ran 9 ga Maris, 1898, ya bi da taron addu'a da yamma. Kashegari da safe aka kai masa shayi aka tarar ya cika, yana da shekara 92. Ranar jana'izarsa kantuna da yawa a Biristol suka rufe, dubban mutane suka tsaya a bakin hanya, marayu suna biye da gawar. Da aka lissafta abin da ya bari sai aka tarar wajen fam 160 ne, wajen fam 100 a ciki kuwa kimar littattafai ce da kayan ɗaki. Sa'an nan aka gane wani abu. Shekara da shekaru rahoton yana nuna baiko daga wani bawan Ubangiji wanda ba a faɗi sunansa ba. Ashe shi ne. Daga abin da mutane suka ba shi domin bukatar kansa ya mayar da fiye da fam 81,000. Gidajen Ashley Down sun riƙe yara har 1958, sa'ad da aka koma riƙon yara a ƙananan gidaje irin na iyali.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, kada mu ɗauki labarin nan a karkace. Muller bai ce kowa ya bar albashinsa ko ya daina faɗin bukatarsa ba, ya ma gargaɗi mutane kada su kwaikwaye shi in ba Ubangiji ne ya kira su ga haka ba. Kada wata ekklesiya ta fake da sunansa ta bar fastonta ko mai bishararta da yunwa. Shi da ya bar albashi ya riƙa aika wa masu bishara kuɗi da yawa. Manzo Bulus kuma bai ji nauyin gaya wa Korantiyawa bukatar matalautan Urushalima ba.

Amma akwai abin da ya wajaba a kanmu duka. Cikin II Korantiyawa sura 8, Bulus bai yarda ya ɗauki baikon shi kaɗai ba, sai da ekklesiyoyi suka zaɓi wani ɗan'uwa ya raka kuɗin, domin kada a sami abin zargi. In manzo ya yi haka, ina mu? Kada mutum ɗaya ya ƙirga baiko, sai biyu ko uku, a rubuta nan take. Hatsin godiya na kaka a auna shi a gaban shaidu kafin a zuba a rumbu. Kuɗin da aka tara domin rufin ɗakin sujada kada ya tafi ga bikin saukar baƙi, na gwauraye da marayu kuma kada a ranta shi ga kowa. A karanta lissafi a gaban jama'a a kan kari, ma'aji kuma kada ya ji haushi in an tambaye shi, gama tambayar kariya ce gare shi. Kada mu fara ginin da ya fi ƙarfinmu domin mu ga wata ekklesiya ta yi, mu bar wa 'ya'yanmu bango ba rufi da bashi a kai.

Mu kan yi kuka cewa mutanenmu ba sa bayarwa. Sau da yawa ba rowa ce ta hana su ba, sun bayar ne sau ɗaya ba su ji inda abin ya shiga ba. Matar da ta sayar da ƙuli-ƙuli ta jefa dala biyar a kwanon baiko tana da hakkin ta san abin da aka yi da ita, daidai da mai jika goma. Mu kuma masu bayarwa, kada mu jira sai mun yi arziki. Aikin Biristol da sule ɗaya ya fara, babban baikonsa na fari kuwa daga hannun mai ɗinki ya fito.

In akwai wani cikinmu da ya taɓa sa hannu cikin abin da ba nasa ba, kada ya fid da zuciya. Ya tuba, ya mayar. Ubangijin da ya ɗauki yaron da ya ɓoye kuɗin haraji cikin takalmi ya mai da shi ma'ajin marayu dubu goma yana da ikon yin haka a cikinmu. Bari Ubangiji ya ba ekklesiyarmu hannu mai sakewa wajen bayarwa, da hannu mai aminci wajen riƙewa, domin waɗanda za su yi Jubili na gaba su buɗe littattafanmu ba tare da jin kunya ba. Amin.